Aji Ɗaya, Yara Iri-iri: Yadda Malamin Firamare Zai Tafi da Kowa

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35. Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar gwamnati a Kano ko Gusau ko Maiduguri ya san a takarda wannan lissafi ya tsaya. Aji kan cika har bakin ƙofa, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu a dandaryar ƙasa. Bayan yawan kuma, yaran ba a wuri ɗaya suke ba. A aji huɗu guda za ka sami yarinyar da ke karanta labari babu gargada, da yaron da har yanzu bai raba "b" da "d" ba, da wanda ya yi nisa a makarantar allo amma boko bai shige shi ba tukuna. Ga 'yar Fulanin da sai a makaranta ta fara jin Hausa sosai, ga wanda dishi-dishi yake ganin allo, ga wanda kunnensa ɗaya ya toshe tun da ya yi sanƙarau. Malam ya tsaya a gaba yana bin manhaja, 'yan sahun farko suna biye da shi, sauran kuwa da an ce "Kun gane?" sai su haɗa baki su ce "Mun gane, Malam!" Ƙarshen zango a rubuta musu "ba ya ƙoƙari".

Wannan jagora na malamin da ba shi da na'ura ne, ba shi da mataimaki, sai alli da allo da kwalin da ya roƙo a kantin unguwa. Abin da nake so ya zauna a ran kowane malami da malama shi ne, duk yaron da karatu ya tsaya masa, akwai inda ya tsaya, akwai kuma abin da ya tsayar da shi. Kafin ka kira shi daƙiƙi, nemo waɗannan biyun.

Mataki na farko: gwada kowane yaro shi kaɗai

Jarrabawar ƙarshen zango ba za ta gaya maka abin da kake nema ba. Yaron da ya ci 12 cikin 100, ba ka san ko tambayar ce ta fi ƙarfinsa ko kuwa bai iya karanta ta ba ne tun farko. Gwajin da nake nufi na baki ne, kai da yaro, mintuna uku zuwa biyar.

Ka sami takarda ɗaya ka raba ta huɗu. A kashi na farko ka rubuta haruffa goma a barbaje, ba a jere ba, domin yara da yawa sun haddace waƙar "a, b, c" alhali ba su san fuskar harafin ba. A na biyu, kalmomi goma masu gaɓa biyu: gida, rana, tuwo, kaza, ruwa, da makamantansu. A na uku, gajerun jimloli huɗu masu alaƙa da juna, wato sakin layi. A na huɗu, ɗan labari na jimloli takwas zuwa goma, da tambayoyi biyu a kansa.

Daga jimlolin nan huɗu za ka fara. In ya karanta su da kuskuren da bai wuce biyu ko uku ba, kuma ba harafi-harafi yake tsintowa ba, ka haura da shi zuwa labari. In ya kasa, ka sauko zuwa kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta. In bai sami huɗu daidai ba, ka sauko zuwa haruffa. Wanda bai gane haruffa huɗu cikin biyar ba, mafari ne. Ka ga ka sami matakai biyar ke nan: mafari, harafi, kalma, sakin layi, labari. Lissafi ma haka: gane lambobi 1 zuwa 9, gane 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sai rabawa.

Yadda ka zauna da yaron ya fi takardar muhimmanci. Ka ajiye bulala nesa da teburin. Ka ce masa, "Zo nan, yarona, ba jarrabawa ba ce, so nake in ji inda karatunka ya kai." Kada ka gyara masa, kada ka ɓata fuska, kada sauran yara su yi cirko-cirko a kansa. Yaron da ke rawar jiki zai kasa abin da ya iya. In kana gwada goma a rana, lokacin tara da ɗan lokaci kafin tashi, aji mai yara 80 zai ƙare cikin mako biyu. Ka buɗe shafi a bayan rajista, sunan kowa da matakinsa da kwanan wata.

Wannan salon gwaji da koyarwar da ke bin bayansa ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da shi, ana kiran sa TaRL, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka daɗe suna auna tasirinsa a Indiya. A Najeriya an fara gwada shi a Borno a 2018, sannan a Kano a 2019, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida. Ba sai an kawo shiri makarantarku ba kafin ka ɗauki abin da zai amfane ka a ciki.

Mataki na biyu: duba ido, kunne da lafiyar jiki

Yanzu ka san inda kowa ya tsaya. Saura abin da ya tsayar da shi, kuma daga jiki ake farawa, domin shi ya fi saurin ganuwa, shi kuma aka fi mantawa da shi.

Don ido, ka rubuta haruffa ko lambobi a allo da girman da ka saba rubutu. Yaro ya tsaya a bayan aji, kamar mita shida daga allo, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna ba, ya karanta, sannan ya canza. Wanda bai san haruffa ba, ka zana masa "E" tana fuskantar sama, ƙasa, hagu ko dama, ya nuna da yatsunsa inda ƙafafunta suka dosa. Ka kuma sa ido lokacin darasi: mai ƙanƙance ido, mai manna littafi a hanci, mai kwafa daga littafin maƙwabcinsa maimakon allo. Wannan na ƙarshen sau da yawa satar amsa ake ɗora masa, a yi ta dukan sa, alhali allon ne ba ya gani.

Don kunne, ka tsaya a bayan yaro, nisan tsawon hannunka, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa lamba ko sunan wani abu, ya maimaita. Alamomin cikin aji su ne yawan cewa "Na'am?", karkata kai gefe ɗaya, kallon bakinka maimakon idonka, da jira sai wasu sun fara aiki ya leƙa ya ga me aka ce a yi. Kunne mai zubar da ruwa ba ƙaramin abu ba ne, yana rage ji, kuma yana da magani a asibiti. Sanƙarau kan bar kurumta, ƙyanda kan taɓa ido da kunne. Tambayi iyaye ko yaron ya taɓa doguwar jinya.

Sai yunwa. Yaron da ke gyangyaɗi ƙarfe tara na safe, ka tambaye shi a keɓe ko ya karya. Yarinyar da kullum sai an yi nisa take shigowa, wataƙila tallan koko ta fara kaiwa. 'Yan mata na aji biyar da shida da ke ɓacewa 'yan kwanaki kowane wata, a bar wa malama mace ta zauna da su cikin sirri.

Kai ba likita ba ne, kuma ba aikinka ba ne ka sa wa ciwo suna. Naka shi ne ka lura, ka rubuta, ka tura asibiti.

Mataki na uku: sake tsarin zama

A yawancin azuzuwanmu masu ƙoƙari ne ke kame gaba, waɗanda suka fi buƙatar malam su lafe a baya inda ba a ganin su. Ka juya wannan. Mai raunin gani ya zo sahun farko, tsakiya. Mai raunin ji ya zauna gaba, ta yadda lafiyayyen kunnensa ke wajenka. Zabiya ta zauna kusa da allo amma nesa da hasken taga, a bar ta da hula ko tabarau, a kuma ɗauke mata tsayuwar rana a filin taro. Mai sanda ko keken guragu ya sami wuri kusa da ƙofa da sararin juyawa, in kuma dakalin ajin ya yi tudu, buhun siminti ɗaya da yashi sun isa a yi masa gangara. Bahago ya zauna a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabci. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, nisanta shi daga taga da ƙofa, ka ajiye shi inda hannunka zai kai kafaɗarsa.

Ka bar hanya a tsakiya, ko da ta ƙafa ɗaya ce, wadda za ta kai ka bangon baya. Allon ma a wanke shi, a sabunta baƙinsa. Farin alli a kan allon da ya koɗe ko mai lafiyar ido wahala yake sha.

Mataki na huɗu: awa ɗaya kullum, kowa a matakinsa

Nan ne gundarin aikin. Ka nemi izinin hedimasta ka ware awa ɗaya kowace rana, ya fi kyau da safe, inda za a ajiye littafin aji a koyar da kowa daga inda yake. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo kowa da allonsa, wani yana Fatiha, wani yana Sabbi, wani ya haura, duk a zaure ɗaya gaban malami ɗaya, kuma ba a ce maka ka wanke sai ka iya. Wannan hikimar ce boko ya bari da ya ɗaure yara da shekarun haihuwa.

Ka raba aji uku. Mafari da 'yan harafi rukuni ɗaya, 'yan kalma da sakin layi rukuni ɗaya, 'yan labari rukuni ɗaya. Ka ba su sunayen da ba su nuna fifiko ba, kamar Dabino, Goruba da Mangwaro. Yara za su gane wane rukuni ne a gaba, ba a ɓoye musu wannan. Abin da ke kashe kunyar shi ne su ga ana tashi daga wannan rukuni a koma wancan. In a makarantarku akwai aji huɗu A da B da C, ku haɗa kai ku uku, kowane malami ya ɗauki mataki ɗaya na wannan awar, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Minti goma na farko na kowa da kowa ne. Ka karanta ɗan labari da murya mai daɗi, yatsanka yana bin kalmomin a allo, ka yi tambaya biyu ko uku. Mafari ma yana da kunne da hankali, sau da yawa shi zai ba ka amsar da ta fi ta kowa. Daga nan a watse zuwa rukuni na minti talatin zuwa arba'in, a rufe da rubutu.

Rukunin farko su ne naka, wurinsu za ka fi daɗewa. Sa'armu ita ce rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka da yaro ya kama sautin haruffa da haɗa gaɓa, karatu ya buɗe. Kada ka bi jerin a, b, c. Fara da haruffan da za su ba da kalma da wuri: a, n, m, k, s. Ka yanka kwali ƙanana, ka rubuta na, ma, ka, sa. Ka ɗaga "na", su faɗa. Ka ɗaga "ma", su faɗa. Ka matso da su kusa da juna a hankali har su haɗu. Za ka ga wani yaro ya yi shiru, leɓensa na motsi, can sai ya ɗago da ƙarfi ya ce, "Nama! Malam, nama ne!" Daga waɗannan gaɓoɓi huɗu kaɗai zai fitar da mama, kaka, sama, masa, kama. Sannan a ƙara i, u, o, e, a cika jadawalin gaɓoɓi a liƙa a bango daidai tsayin yara. Su rubuta harafin a iska, a ƙasa da tsinke, a bayan juna da yatsa, kafin a je littafi.

Rukuni na biyu su yi aiki bibbiyu da katunan kalmomi, suna jera su su tayar da jimla, suna karanta wa juna gajeren sakin layi sau biyu ko uku har gargadar ta ragu. Rukuni na uku su karanta labari, su amsa tambayoyi a rubuce, su canza masa ƙarshe, ko su rubuta nasu. Labaran da suka rubuta, in ka gyara, su ne kayan karatun rukuni na biyu a mako mai zuwa. Kowane rukuni da jagoransa, kuma a riƙa juya jagorancin. Jagora ba monita ba ne, ba ya rubuta sunan masu surutu, ba ya riƙe tsumagiya.

A lissafi, tsinke ya fi dogon bayani. Kowane yaro ya zo da tsinkayen tsintsiya ko siraran kara, a ɗaure goma-goma da zare. A ce 32 a ɗebe 15. Yaro ya ajiye ɗauri uku da tsinke biyu. Ka ce ya cire biyar daga tsinkayen da ke warwatse, sai ya ga biyu ne kawai. Ka yi shiru ka bar shi. In ya kai hannu ya kwance ɗauri ɗaya da kansa, ya gane "aro" ganewar da ba zai manta ba, don ya ga goman da ta warware ta zama ɗai-ɗai. Sai bayan haka a rubuta a allo. Murafun kwalba, ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya duk suna yin aikin ƙirga da rabawa.

Bayan mako huɗu zuwa shida ka sake gwajin farko, ka matsar da duk wanda ya haura, ka faɗa a gaban aji a tafa masa. Rukunin da ba a sake gwadawa ya zama tambari a goshin yaro, kuma wannan ya fi rashin rukunin muni.

Mataki na biyar: gyara yadda kake gabatar da sauran darussa

Sauran awannin ranar manhaja za ka bi, amma da 'yan sauye-sauye. Kowane sabon abu ka bi da shi hawa uku: ka yi suna kallo kana faɗin abin da kake yi, ku yi tare, sannan kowa ya yi da kansa. Hawa na biyun ne aka fi tsallakewa, kuma a nan masu rauni ke zubewa.

Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. "Ku fito da littafi, ku buɗe shafi na 20, ku kwafe tambaya ta ɗaya zuwa biyar, ku amsa uku" umarni huɗu ne, wani yaron na farkon kawai ya riƙe. Duk abin da ka rubuta ka faɗe shi da baki saboda mai raunin gani, duk abin da ka faɗa mai muhimmanci ka rubuta ko ka zana saboda mai raunin ji. Kada ka yi magana fuskarka na kallon allo.

Amsar haɗa baki tana da amfaninta wajen maimaici, amma ba ta nuna wanda ya gane. Maimakon "Kun gane?", kowa ya rubuta amsa a ɗan allo ko bayan littafi ya ɗaga, ko ya nuna da yatsu. Kallo ɗaya za ka yi ka ga inda aka ɓace. In ka jefa tambaya kuma, ka jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara sa baki. Ka ƙirga biyar a zuci kafin ka nuna wani. Ka ba su dama su fara faɗa wa na kusa da su, sannan ka kira suna.

Aikin aji ma a yi masa hawa. Darasi ɗaya, tambayoyi shida, biyu na farko kowa zai iya, biyu na tsakiya daidai manhaja, biyu na ƙarshe masu ɗan ƙarfi. Mai saurin ganewa shi ma yana da buƙata, in ka bar shi ba aiki shi zai zame maka shugaban masu surutu.

Mataki na shida: yaran da ke buƙatar dabara ta musamman

Mai juya haruffa. Ɗan aji ɗaya ko biyu ya rubuta "d" a wurin "b" ba abin tayar da hankali ba ne. Mu kuma namu ya ninka, don muna da b, d, ɓ da ɗ. Kada ka koyar da su a mako guda. Ka sa yaro ya dunƙule hannayensa biyu a gabansa, manyan yatsu a sama: na hagu ya yi siffar "b", na dama ya yi siffar "d". Ya riƙe cewa b ta bahago ce, d ta dama. Masu lanƙwasa kuma a koyar da su da kunne tukuna, "bari" da "ɓari", "da" da "ɗa", "kafa" da "ƙafa". In yaro ya wuce shekara takwas, yana da kaifin baki da fahimta amma karatu ya ƙi, yana tsallake gaɓa, yana manta kalmar da ya karanta a layin sama, mai yiwuwa abin da ake kira disleksiya ne. Ba rashin hankali ba ne. Yana buƙatar sauti da gaɓa a hankali, maimaici mai yawa, ƙarin lokaci, kuma kada a tsayar da shi karatu gaban aji ba tare da ya shirya ba.

Ɗan makarantar allo da ya shigo boko a makare. Ya riga ya san harafi yana ɗauke da sauti, ya san wasali, ya iya hadda. Ka gina a kai: ka nuna masa "ba, bi, bu" na boko kusa da wanda ya sani da fataha da kisira da rufu'a. Ka sa masa ɗigo a gefen hagu na shafi don ya tuna daga inda ake farawa. Irin waɗannan yara kan yi tsalle biyu a zango ɗaya in ba a wulaƙanta su da zama cikin ƙanana ba.

Wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, Bafulatani ko Babarbare ko wani, shirunsa ba rashin sani ba ne. Zaunar da shi kusa da mai jin harsunan biyu, ka yi amfani da hoto da abu na zahiri, ka koyi gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma a harshensa. Ranar da ka tambaye shi sunan saniya da Fulatanci a gaban aji, ka mai da shi mai abin koyarwa.

Mai in'ina, kada ka ƙarasa masa magana, kada ka ce "yi sauri". Ka dube shi ka jira. Karatu tare da wani yakan sauƙaƙa masa. Duk wanda ya kwaikwaye shi, a tsawatar nan take. Bahago kuwa a bar shi da hannunsa a rubutu, a karkata masa takarda kawai. Wanda ba ya zama wuri ɗaya, ba shi aikin motsi, goge allo, raba littattafai, kuma a yanka masa aiki gajere-gajere.

Kurma da makaho suna buƙatar abin da ya wuce wannan jagora. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gargajiya, makarantu kuma suna koyar da wadda ta samo asali daga ta Amurka. In kana da kurma a aji, ka koyi alamun da yake amfani da su a gida, ka koya wa aji duka 'yan kaɗan kowane mako. Makaho yana buƙatar rubutun Braille mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take wannan aiki, a Kano akwai makarantar Tudun Maliki, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana horar da malaman wannan fanni. Ka nemi shawarar irin waɗannan malamai ta ofishin sakataren ilimi. Kafin nan, kada yaron ya zauna kamar baƙo: ka kira sunansa kafin ka yi masa magana, ka ba shi abu ya taɓa, ka yi masa tambaya kamar kowa. Mu da muke karanta Suratu Abasa mun san a kan wa ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi.

Mai sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, don haka da wuya babban aji ya rasa ɗaya. A bar shi da gorar ruwa a kan benci, ya fita fitsari ba tare da dogon roƙo ba, ya sa rigar sanyi a hunturu ko da ba ta makaranta ba ce. Ba duka, ba tsallen kwaɗo, ba gudun dole. In ya ce ƙashinsa na ciwo, ka yarda da shi, ka aika gida. Zazzaɓi a wurinsa na gaggawa ne. In ya dawo daga jinya, a sami wanda zai zauna da shi ya cike abin da ya wuce shi.

Mai farfaɗiya. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa, ka faɗa wa yara wannan tun kafin ta faru. In ta tashi, ka janye benci da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti. Akwai kuma wata iri marar faɗuwa, yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba, sau da yawa a rana. Wannan ana yawan ɗaukar sa rashin mai da hankali.

Mataki na bakwai: jarrabawa da maki

Ka tambayi kanka me kake aunawa. In ilimin zamantakewa ne, yaron da bai iya karatu sosai ba a karanta masa tambayar ya amsa da baki. Mai raunin gani a rubuta masa da manyan haruffa, mai jinkirin rubutu a ƙara masa lokaci. Wajen gyaran littafi, kada ka cika shafi da jan biro, zaɓi kuskure ɗaya ko biyu da za a gyara wannan makon. Kiran sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe a gaban aji, ni ban ga abin da yake ƙara wa na ƙarshen ba sai ƙin makaranta. Gara ka nuna masa shafinsa: a watan jiya haruffa shida ka sani, yau ga ka da goma sha takwas.

Mataki na takwas: iyaye, hedimasta da hukuma

Yawancin iyaye ba a kiran su makaranta sai ɗansu ya yi laifi, shi ya sa suke zuwa a ɗaure. Ka fara da alheri. "Alhaji, yaron nan naka yana da kaifin hadda, masha Allah. Sai dai na lura in yana baya ba ya ganin allo sosai. Da za a daure a kai shi asibitin ido a duba, ina ganin karatunsa zai canza." Ga uwa kuma, "Hajiya, ko kin lura in an kira ta daga baya ba ta juyowa?" Kada ka ambaci sunan ciwo, kada ka yi maganar a gaban wasu iyaye. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa: ta sa yaro ya karanta mata katin gaɓoɓinsa minti goma bayan magariba, ko yayarsa ta saurare shi.

Abin da ya fi ƙarfin aljihun iyaye, kamar tabarau, kuɗin mota zuwa asibiti ko gangarar ƙofa, a kai shi gaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai. Ka je da shafinka na rajista, domin magana da suna da adadi ta fi saurin motsa mutane. Doka ma tana bayanka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ga kowane yaro. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga. Hedimastan da aka kawo wa yaro mai sanda ba shi da hurumin cewa "ba mu karɓar irinsu".

Ƙarshen shekara, ka kwafe shafin nan, matakin kowane yaro a karatu da lissafi, wanda ke buƙatar zama a gaba, wanda ke da sikila ko farfaɗiya da lambar wayar gidansu, da dabarar da ta yi aiki a kan wa. Ka damƙa kwafi ɗaya a hannun malamin da zai karɓi ajin, ɗaya a ofishin hedimasta a ajiye a inda ba kowa ke buɗewa ba, ku kuma zauna rabin awa ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin a tafi hutu.